Sauka ta Goma Sha Uku

Kamfanin da Kyaftin ya yi wa aiki shekara ashirin da shida yana da jirage biyu da rabi. Biyun suna tashi. Rabin yana jingine a ƙuryar rumfar ajiye jirage, ba farfela, ba ƙafar hagu, kuma shi ke ciyar da 'yan'uwansa da ƙusoshi da wayoyi duk ranar da suka buƙata. Aikin kamfanin shi ne kai kaya inda mota ba ta son zuwa: magunguna, kayan gyaran famfo, wasiƙu, da 'yan tsaki masu kwana ɗaya a duniya cikin kwalaye masu huji. Jirgin Kyaftin mai inji ɗaya ne da kujeru huɗu, an cire biyu don kwalaye su sami wurin zama.

Sunansa na gaskiya yana nan cikin fayil. A rumfa kuwa Mai-Sauka ake ce masa, da farko a bayan idonsa, daga baya har a gabansa. Sau goma sha biyu a tsawon aikinsa ya katse tafiya ya sauka inda ba a aike shi ba, don injin ya yi wani abin da bai kwanta masa a rai ba. Ya sauka a filin ƙwallon wata makaranta. Ya sauka a kan titin da aka fara ba a gama ba, ya sauka a gonar da aka girbe. A duk saukar nan ba wanda ya ƙwarzane, ko tsako ɗaya bai mutu ba, abin da ya tabbatar wa hukumar kamfanin cewa babu abin da ya faru, saboda haka babu dalilin sauka.

Halin gado ne. Mahaifinsa direban babbar mota ne, wanda in ya ji baƙon ƙara yakan faka a gefen hanya ya shige ƙarƙashin mota, fasinjoji na zaginsa daga sama. Tsohon ya mutu a kan gadonsa yana da shekara tamanin da ɗaya, ya bar wa ɗansa imani ɗaya tak, cewa inji yakan yi magana kafin ya mutu, sai dai mutane sukan ƙure rediyo.

Kyaftin yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa. A ciki ya rubuta duk wani fili shimfiɗaɗɗe da ke ƙarƙashin hanyoyinsa: tsawonsa, inda rami yake, inda wayar lantarki ta ratsa, watan da ruwa ke kwanciya a kansa. Sauran matuƙa suna tafiya suna kallon inda za su. Shi yana tafiya yana kallon inda zai faɗi.

A ƙasa kuwa, bawan Allah bai taɓa yanke shawarar komai ba. Shekara uku ya yi yana nazarin fentin da za a yi wa falo. Matarsa, Malama, wadda ke koyar da lissafi a makarantar firamare, ta jira ya tafi aiki ta sa aka shafa ruwan toka. Da ya dawo ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce dama yana cikin launuka huɗun da ya rage wa kansa.

Gwarzon kamfanin wani ne daban, matuƙi na biyu, wanda ake kira Shaho. Shi ne ya taɓa dawo da jirgi gida daga tafiyar rabin awa injin na tafasa, ya ratso saman gari yana jan hayaƙi, ya dira motar kashe gobara na biye da shi da jiniya. An ɗauki hotonsa, an sa a firam, an rataye a ofis. Jirgin da ya dawo da shi ɗin shi ne rabin da ke jingine a ƙuryar rumfa, amma wannan bai fito a hoton ba.

Sai kuma Injiniya, shugaban makanikai, wanda yayan Malama ne, don haka Kyaftin Yaya yake ce masa ko ana cikin faɗa. Injiniya yana da aƙida guda game da jirgin Kyaftin: agogon da ke nuna ƙarfin baƙin mai maƙaryaci ne. In allurarsa ta sauka, sai a ƙwanƙwasa gilashin da farce sau uku, ta tashi. Shekara da shekaru ana haka, har fentin bakin agogon ya goge. Don kada baƙon matuƙi ya ruɗe, Injiniya ya manna 'yar takarda a ƙarƙashinsa da rubutun hannunsa: A ƘWANƘWASA KAFIN A YARDA.

Haka ake tafe har aka kawo sabon Manaja daga wani kamfanin sabulu. Mutum ne mai tsafta da son lokaci. Ya karanta fayil ɗin Kyaftin a zama ɗaya, ya lura cewa sabulu bai taɓa tsayawa a hanya don ya ji wani ƙara ba, ya sa Sakatariya ta buga takarda. Takardar ta ce, cikin ladabi, daga yau duk saukar da Kyaftin ya sake yi a wurin da ba a tsara ba, ba tare da izinin hukuma ba, za a sauke shi daga tuƙi a mayar da shi sito ya riƙa jera kwalaye har ranar ritayarsa.

Kyaftin ya san siton. Ba shi da taga. Ya ninke takardar ya sa cikin baƙin littafinsa, tsakanin filin ƙwallo da tsohuwar gonar rake.

Bayan sati uku aka ce Manaja zai je buɗe sabon sito a tashar kamfanin mafi nisa, can bayan tafki. Shaho ne ya kamata ya kai shi, amma haƙori ya kumbura wa Shaho kunci, sai abin ya faɗo kan Kyaftin.

Da safe Malama ta ajiye masa shayi ta tsaya a kansa.

"Maigida, yau dai don Allah in injin ya yi tari, ka ce masa sannu ka wuce."

"In tari ne kawai, zan wuce."

"In ba tari ba ne fa?"

Ya juya cokali a kofi. "Sai an gani."

"Kai komai sai an gani. Ni dai na gaya maka, in suka kai ka siton nan, wata ɗaya ba za ka yi ba za ka fara magana da kwalaye." Ta ɗauke kofin tun bai gama ba, ta dawo da shi. "In kuma ka ga abin da gaske ne, kada ka tuna da ni. Ka sauka."

"To wanne zan ɗauka a ciki?"

"Ni na san maka? Kai ne Kyaftin."

A rumfa ya zagaya jirgin kamar kullum, ya zaro sandar auna mai ya duba, ya tarar cike. Ya nuna wa Injiniya wani ɗan danshi a ƙarƙashin murfin inji.

"Yaya, wannan fa?"

"Gumi ne. Inji ba ya gumi? Kai ba ka gumi?"

"Tiyon nan sabo ne?"

"Sabo ne a wannan jirgin," in ji Injiniya, yana kallon wani wuri daban.

Manaja ya iso cikin farar riga, da jawabinsa shafi huɗu a hannu, da almakashin yanke ƙyallen buɗe sito a aljihun gaba, don ya ji an ce almakashin can ba ya ci. Aka ɗaure shi a kujerar dama, aka sa masa abin ji a kunne. A bayansu kwalaye goma sha takwas na 'yan tsaki. Suka tashi ƙarfe tara daidai, abin da Manaja ya rubuta a gefen jawabinsa.

Minti arba'in ba abin da ya faru. Manaja yana bitar jawabi, Kyaftin yana gaisawa da filayensa ɗaya bayan ɗaya. Sai allurar baƙin mai ta fara sunkuyar da kai.

Ya ƙwanƙwasa sau uku, don a cika ƙa'ida. Ta ɗago kaɗan, kamar mai barcin da aka kira sunansa, ta koma. Ya dubi maƙwabcinta, agogon zafin mai. Wannan kuma yana hawa. Shekara goma sha ɗaya yana zaune gaban agogunan nan biyu, bai taɓa ganin sun haɗa baki ba. In ɗaya ya yi ƙarya, ɗayan yakan yi shiru. Yau ɗaya na cewa mai ya ragu, ɗayan na cewa abin da ya rage yana dahuwa.

Ya danna rediyo ya kira gida, wato rumfa. Injiniya ne ya ɗauka, da abinci a bakinsa.

"Yaya, ƙarfin mai yana sauka, zafi yana hawa."

"Ka ƙwanƙwasa?"

"Na ƙwanƙwasa."

"Da ƙarfi?"

"Yaya, zafi na ce yana hawa."

"To ka ƙwanƙwasa wancan ɗin ma mana."

Kyaftin ya saki maɓallin. Lissafin ba mai wuya ba ne, ko 'yan ajin Malama za su iya. Gaba minti ashirin da biyar, sha biyar daga ciki a saman tafki. Baya minti arba'in. Hagu kuwa, minti shida, akwai tsohon titin jirgi na wata gonar rake da aka daina nomawa. Injin yana ta aikinsa lafiya lau, ko tari bai yi ba, kuma wannan ne abin haushin. Mai yiwuwa ya kai su. Jirgin Shaho ma ai ya kai. In ya miƙe suka isa, ya tsira da kujerarsa, har wataƙila a ɗauki hotonsa. In ya sauka aka buɗe inji aka tarar ba komai, gobe yana sito. Ya tuna siton, da ƙwan lantarki ɗaya da ke rataye a tsakiyarsa. Ya tuna cewa tsako ba ya iyo, kuma bai taɓa tambayar Manaja ko shi yana yi ba.

Duk wannan bai kai minti ɗaya ba. Ya rage totur kaɗan don injin ya huta, ya riƙe tsayinsa bai yarda ya zubar da ko taku ɗaya ba, ya kwantar da fiffiken hagu.

Manaja ya ɗago. "Ina tafkin ya tafi?"

"Yana dama, Yallaɓai. Za mu sauka."

"Mun iso ne?"

"Ba mu iso ba. Mai yana zuba."

Manaja ya leƙa agogon, ya karanta 'yar takardar da ke ƙasa, ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa da kansa, da zobe. "Ga shi an rubuta. Kai ba ka karatu? Injin nan ina jin sa, lafiyarsa ƙalau. Mutum sittin suna can suna jirana a rana!"

"Za su jira, ranka ya daɗe."

"Ka manta da takardata?"

"Tana aljihuna."

"To a matsayina na hukuma, ban ba da izini ba. Ka juya. Na ce ka juya! Kana jina? Gobe war haka kana jera kwalaye, wallahi har lamba zan sa a ɗinka maka a riga."

Kyaftin ya zaro baƙin littafin yana dubawa. Gonar rake: tsawo ya isa, ciyawa gajera in ba damina ba, rami a hagu bayan kashi ɗaya cikin uku, a bi dama. Ya gaya wa gida inda zai sauka. Manaja ya ci gaba da bayani a kan ɗa'a da biyayya, ya kawo misalai daga masana'antar sabulu, har minti huɗu.

A minti na huɗun ne ɗigo na farko ya faɗo a gilashin gaba, baƙi, ya ja jela zuwa sama. Sai na biyu. Sai gilashin ya koma kamar gindin tukunya. Wani ƙauri ya cika jirgin. Injin ya yi ƙara irin na cokula a cikin kwano, ya girgiza su sau biyu, farfela ta tsaya cak, tsinin reshenta ɗaya na nuna sama.

Shiru ya sauka. A karo na farko tun da suka tashi aka ji muryar 'yan tsaki, su dubu ɗaya da ɗari takwas, kowa na faɗin ra'ayinsa.

"Sauka!" in ji Manaja. "Sauka! Kyaftin, sauka! Don girman Allah sauka!"

Titin yana nan a gabansu, ƙasa kaɗan, inda littafi ya ce. Tsayin da Kyaftin ya ƙi zubarwa ɗazu shi yake kashewa yanzu, a hankali. Ya rufe mai, ya kashe makunni, ya ce wa Manaja ya ƙara ɗaure bel ya kuma cire almakashin nan daga ƙirjinsa. Da yake gaba ba ya ganuwa, ya karkata kai yana leƙe ta tagar gefe. Ya bi dama. Tayoyi suka taɓa ciyawa, suka yi tsalle ɗaya, suka zauna. Ramin ya wuce ta hagu. Jirgin ya gangara ya tsaya kusa da wata tsohuwar tarakta da bishiya ta tsiro a cikinta.

Manaja ya fita ya durƙusa a ciyawa, ya amayar da karin kumallonsa. Kyaftin ya buɗe ƙofofi don 'yan tsaki su sha iska, ya jawo kwalayen zuwa inuwar fiffike, sannan ya zauna a kan taya. Ya rubuta a littafi: sha uku.

Awa uku suka yi kafin mota ta zo. A awa ta farko Manaja ya yi ta goge farar rigarsa. A ta biyu ya sami sabis a kan taraktar, ya kira matarsa ya ce mata sun sauka. A ta uku Kyaftin ya ji shi yana gaya wa wani a waya: "Ina ganin allurar nan na ce masa, Kyaftin, ba na wasa da rayukan ma'aikata, sauka."

Aka kafa kwamiti. Manaja ne shugaba, Injiniya da Shaho mambobi, Sakatariya na rubutu. Wata biyu suka yi suna nazarin abin da aka yanke cikin minti ɗaya, kuma a tsawon lokacin an dakatar da Kyaftin daga tashi. Ya zauna a falo mai ruwan toka yana jin jirgin Shaho na wucewa ta saman rufi.

Ana gobe zai bayyana gaban kwamitin, da la'asar, Malama tana gyara littattafan 'yan ajinta, ya ce mata, "Za su tambaye ni wa ya ce a sauka."

"Ya ce ko bai ce ba?"

"Ya ce. Bayan injin ya mutu."

"Sau nawa?"

"Goma sha ɗaya. Na ƙirga."

"Kana saukar da jirgi ba inji kana ƙirga ihun mutum?"

"Yana taimaka mini in natsu."

Ta ja jan biro a kan lissafin wani. "Ni a ajina, wanda ya amsa abin da ba a tambaye shi ba, ba na ƙara masa maki. In sun tambaye ka yaushe, ka faɗa musu yaushe, ko da siton ne. Ba na son miji maƙaryaci. Amma Yaya na cikin kwamitin, shi da tiyonsa. Ka ga mai tambayar yaushe a cikinsu?"

Washegari ya sa rigarsa mai igiyoyi a kafaɗa, ya zauna a gaban dogon tebur, ƙarƙashin hoton Shaho. A kan teburin an ajiye tiyon mai, a tsage kamar bakin kifi. Kowa a ɗakin ya san daga jikin rabin jirgi aka ciro shi, don haka ba wanda ya kalle shi.

Manaja ya gyara murya. "Kyaftin, tambaya ɗaya ce. A ranar nan, na ba ka umarnin sauka ko ban ba ka ba?"

"Ka bayar, Yallaɓai."

"A fili?"

"Sau goma sha ɗaya."

"A rubuta," in ji Manaja. "Sau goma sha ɗaya. Kun ji irin taurin kan da na yi fama da shi."

Kyaftin ya jira. Ya dubi Injiniya, Injiniya yana nazarin silin. Ya dubi Shaho, Shaho yana taɓa gurbin haƙorinsa da harshe. Sakatariya ce kaɗai ta ɗago, biro a sama, ta buɗe baki kamar mai shirin tambaya, sai Manaja ya ce a kawo lemo.

Rahoton ya fito shafi talatin. Ya gano cewa saukar gonar rake da izinin hukuma aka yi ta, saboda haka ba ta shiga lissafin Kyaftin ba: nasa yana nan a sha biyu, takardar gargaɗi kuma tana nan daram. Ya yaba wa Manaja bisa hangen nesa, aka ɗauki hotonsa aka rataye kusa da na Shaho, sama da shi kaɗan. Ya shawarci Kyaftin da ya riƙa saurin bin umarni. Ya kuma fito da sabon fom na neman izinin saukar gaggawa, mai kwafi uku, wanda za a cike kafin a sauka.

Da yake dole a sami mai laifi, aka sami agogon baƙin mai. Injiniya ya yi bayani cewa na'urar da ta shekara goma sha ɗaya tana ƙarya, sannan rana ɗaya ta faɗi gaskiya ba tare da sanarwa ba, ba abin dogaro ba ce. Aka cire shi aka sa sabo. 'Yar takardar kuwa, da yake gam ɗinta bai mutu ba, aka mayar da ita ƙarƙashin sabon.

Ran Litinin Kyaftin ya koma tashi. Kafin ya shiga jirgi ya ga tsohon agogon a kwandon shara na rumfa, ya ɗauka ya goge da hannun riga ya sa a aljihu. Agogon yana nan yanzu a falo, a kan kanta, tsakanin rediyo da hoton aurensu. Kwana tara Kyaftin ya yi yana tunanin inda zai ajiye shi kafin Malama ta karɓa ta ɗora a wurin. Allurarsa tana kwance a sifili. Duk ranar da Injiniya ya zo cin abinci, in ya wuce ta gaban kantar, sai ya ƙwanƙwasa shi sau uku.